Yatsan da Ya Ƙi Miƙewa

Ranar da na fara ganin yaron, a gidan da ke jikin na goggona a Mutum Biyu, watansa biyar a duniya. Uwar tana zaune kan tabarma a ƙofar ɗaki, ta tallabe kansa da hannu biyu, don wuyan ba ya iya ɗauka. Kan ya yi girman da ya wuce ƙima, fatar ta yi sheƙi, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, maɗiga ta kumbura ta yi tauri, idanun kuma sun sunkuya ƙasa kamar rana ta kusa faɗuwa. Amma abin da ya tsaya mini a rai hannuwansa ne. Babban yatsan kowane hannu a naɗe yake cikin tafi. Goggo ta sa yatsanta ta miƙar da shi a hankali, tana saki ya koma inda ya fito.

"Haka wansa ma ya zo," in ji Goggo bayan mun koma gida. "Ko arba'in bai yi ba Allah Ya karɓi abinSa."

Na ce, "Goggo, an taɓa ganin irin wannan a danginsu?"

Ta yi shiru, ta sassauta murya. Ta ce uwar matar ma ta taɓa haifar namiji mai irin wannan kai, shekaru da yawa da suka wuce, bai zo da rai ba. Ita kuwa 'yar da matar ta haifa tsakanin mazan nan biyu, lafiyarta ƙalau, har ta fara zuwa islamiyya. Kishiyarta tana da maza uku da miji ɗaya, babu wanda ko ciwon kai ya dama.

A unguwa kowa da tasa. Wasu sun ce ta je rafi da almuru tana da ciki, 'yan ruwa suka musanya mata. Wasu sun ce maita, wasu suna nuna kishiya da baki. Dangin miji sun fara cewa ya rabu da ita. Ita dai ba ta cewa komai, sai tallabar kan ɗanta.

Na koma Jalingo da abubuwa huɗu a zuciya: kai mai kumbura, maza kaɗai, ta wajen uwa kaɗai, da yatsan da ya ƙi miƙewa. Abin da ya zo sau uku a zuriya ɗaya, da kama ɗaya, yana da dalili. Da na shiga karatu sai na tarar likitoci sun shafe fiye da shekara arba'in suna bin sawun waɗannan alamu huɗu, ɗaya bayan ɗaya, kafin su gano bakin zaren.

Ruwan da ya rasa mafita

Alama ta farko ita ce mafi sauƙi. A tsakiyar ƙwaƙwalwar kowane mutum akwai kogunan ruwa guda huɗu, ruwa garai-garai da ke wanke ƙwaƙwalwa yana kuma kare ta daga buguwa. Jikin babban mutum yana samar da kusan rabin lita na wannan ruwa kullum, alhali abin da ke ciki a lokaci guda bai wuce mililita 150 ba. Wato ruwan tafiya yake yi ba tsayawa: ana yin sabo, tsohon yana gangarawa yana komawa cikin jini.

Tsakanin kogo na uku da na huɗu akwai wata 'yar siririyar mashiga, wadda ita ce mafi ƙunci a duk hanyar. Wanda ya taɓa ganin kwalbati ya toshe da damina ya san sauran labarin. Ruwa ba ya daina zuwa don hanya ta toshe, taruwa yake yi a baya. Ƙasusuwan kan jariri ba su riga sun haɗe ba, don haka ruwan yana tura su suna buɗewa, kai yana girma, ƙwaƙwalwa tana matsuwa a jikin ƙashi.

Abubuwa da yawa na iya toshe hanyar. A asibitin yara na Mbale a ƙasar Uganda, likitan tiyata Benjamin Warf ya bi diddigin ɗaruruwan jarirai masu ruwa a kai, ya wallafa a 2005 cewa kusan kashi 60 cikin ɗari sun samu ciwon ne bayan ƙwayoyin cuta sun shige su a farkon rayuwa. Sanƙarau na yin haka, zubar jini a ƙwaƙwalwar bakwaini na yin haka, haka ma yaran da ake haifa da buɗaɗɗen ƙashin baya. Sai dai ƙwayar cuta ba ta zaɓar namiji ta bar mace, ba ta kuma tsallake ɗakin kishiya ta bi kaka da 'yarta. Toshewar hanya ta bayyana kumburin kai, ta bar sauran alamu uku a tsaye.

Me ya sa maza kaɗai?

A 1949 wasu likitoci biyu a Amurka, Bickers da Adams, suka ba da rahoton wani dangi da ake ta haifar maza masu ruwa a kai, 'yan'uwa da kawunnansu na wajen uwa. Da aka duba ƙwaƙwalwa, sai aka ga mashigar nan a tsuke. A 1961 John Edwards, wani masanin gado a Birmingham ta Ingila, ya tattara irin waɗannan dangogi, ya kuma lura da abin da na gani a Mutum Biyu: da yawa daga cikin yaran babban yatsansu a lanƙwashe yake cikin tafi.

Zanen zuriyar da suka yi shi ya ba da amsa. A cikin kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai ƙunshin gado guda 46, rabi daga uwa, rabi daga uba. Biyu daga ciki su ke raba jinsi. Mace tana da X biyu. Namiji yana da X ɗaya daga uwarsa, da Y daga ubansa. Idan aka samu tangarɗa a wani wuri a jikin X ɗaya na mace, ɗayan yana rufa mata asiri, ta tashi lafiya, ta yi aure, ba ta san tana ɗauke da komai ba. Namijin da ya gaji wannan X ɗin ba shi da na biyu da zai jingina da shi.

Lissafin a fili yake. Duk cikin da irin wannan mata ta ɗauka, in namiji ne, rabi da rabi ne: ko ya ɗauki lafiyayyen X, ko ya ɗauki ɗayan. In mace ce za ta zo lafiya galibi, amma rabi da rabi ne ta zama mai ɗauke da shi kamar uwarta. Uba ba ya ba ɗansa namiji X, shi ya sa 'ya'yan kishiya suka tsira. Wannan ya bambanta da sikila, wadda sai uwa da uba sun haɗu a kanta, don haka auren zumunci ba shi ne sanadi ba a nan.

Alama ta biyu da ta uku sun warware tare. An san ƙunshin da ɓarnar take ciki. Amma X yana ɗauke da ɗaruruwan ƙwayoyin gado. Wacce ce daga ciki? Kuma mene ne haɗin mashigar ruwa a tsakiyar kai da yatsan hannu?

Abin ya ƙara rikicewa a 1974, lokacin da Bianchine da Lewis suka bayyana wani dangi da mazansu ke da naɗaɗɗen yatsa, jinkirin magana, ƙarancin fahimta da jan ƙafa wajen tafiya, amma kansu bai kumbura ba. Yatsa iri ɗaya, gado iri ɗaya, babu ruwa. Aka ba shi suna daban, aka ɗauke shi ciwo daban. Nan likitoci suka tsaya shekaru. Makullin yana hannun waɗansu mutane da ko kusa ba su san da yaran ba.

Danƙon da ke riƙe jiki

A 1907, a gaɓar teku a Beaufort ta jihar North Carolina, wani masanin halittu mai suna Henry Wilson ya ɗauki soson teku, wata halitta mai rai da ke manne a duwatsun ruwa, ya matse shi ta cikin ƙyallen siliki kamar yadda ake tace gasara. Soson ya tarwatse ya zama ƙwayoyi ɗai-ɗai. Ya bar su cikin ruwan teku. Sai ƙwayoyin suka riƙa rarrafe suna neman juna, suna mannewa, har suka sake zama ƙananan soso masu rai. A 1955 Townes da Holtfreter suka yi makamancin haka da ƙwayoyin ɗan tayin kwaɗo: suka cakuɗa na fata da na jijiya, ƙwayoyin suka ware kansu, na fata suka koma waje, na jijiya suka shige ciki. Ashe ƙwayar halitta tana gane 'yar'uwarta ta taɓawa, kuma a bayanta akwai wani danƙo mai zaɓe, wanda ba ya kama kowa.

Babu inda wannan ya fi muhimmanci kamar ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 ne a kan mutum, kuma kowace tana fitar da zare mai tsawo zuwa inda za ta kai saƙo. Akwai zaren da ke tashi daga ƙasan laka ya kai har yatsan ƙafa, kusan mita guda. Duk wannan shimfiɗa ana yin ta ne a cikin duhun mahaifa, babu mai nuna hanya.

Santiago Ramón y Cajal, ɗan ƙasar Sifaniya, shi ya fara ganin bakin zaren a 1890, a jikin ɗan tsakon da bai fita daga ƙwai ba. Ya ga ƙarshen zaren ya baje kamar ɗan hannu mai yatsu, ya ce lalube yake yi. A 1907 Ross Harrison a Amurka ya raini naman ɗan tayin kwaɗo a kan gilashi, ya zauna yana kallon zaren yana tsawo da idonsa. Manomin doya a Gassol ya san wannan motsi. Kan yaɗon doya yana lilo a iska yana neman abin kamawa. In ya samu sanda ya naɗe ta ya hau. In bai samu ba ya zube ƙasa ya cukurkuɗe. Zaren jijiya ma sai ya kama wani abu yake iya jan jiki. Na farko ya buɗe hanya, na baya su kama jikinsa su bi, har su zama dami guda, kamar yadda shanu ke bin burtali.

Da me suke kamawa? A 1977 Gerald Edelman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller ta New York suka ciro furotin na farko mai wannan aiki daga idon ɗan tsako. A Jafan, Masatoshi Takeichi ya gano wani gida na irin waɗannan furotin da ba sa kamawa sai da sinadarin kalsiyam. A 1984 kuma, a Heidelberg ta Jamus, Melitta Schachner da Fritz Rathjen suka bayyana wani da suka samu a ƙwaƙwalwar ɓera, mai suna L1.

L1 yana tsaye ne a fatar zaren jijiya kamar ƙugiya. Dogon ɓangarensa yana waje, gaɓa goma sha ɗaya a jere kamar carbi, gajeren gindinsa kuma yana ciki, a ɗaure da ƙashin ƙwayar. In ya haɗu da L1 na wani zaren sai su sarƙe. Masu bincike suka toshe shi a gwaji, zaruruwa suka kasa haɗa dami, ƙananan ƙwayoyin jijiya suka kasa ƙaura zuwa mazauninsu. A 1987 Lagenaur da Lemmon suka shafa tsantsarsa a kan faranti, suka ɗora ƙwayoyin jijiya, zaruruwa suka miƙe a kansa da sauri. L1 danƙo ne, kuma sandar hawa ce.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu

Shekarar 1990 ita ce mahaɗa. Masu bin zuriyar yara masu ruwa a kai, cikinsu har da Patrick Willems na Antwerp a Beljiyam, suka taƙaita neman zuwa can ƙarshen dogon hannun X, wurin da ake kira Xq28. A wannan shekarar kuma wasu masu binciken suka gano inda ƙwayar gadon da ke ƙera L1 take zaune a jikin mutum. Xq28 ne.

A 1992, a Cambridge ta Ingila, André Rosenthal, Monique Jouet da Susan Kenwrick suka karanta wannan ƙwayar gado a wani dangi mai ciwon. Suka tarar da harafi ɗaya ya sauya, kuma wannan sauyi ya sa jiki yana ƙera L1 a gurguje. A 1994 aka duba dangogin da ke da naɗaɗɗen yatsa da jan ƙafa ba tare da kumburin kai ba, aka samu tangarɗa a wannan ƙwayar gadon dai. Cututtukan da aka raba wa sunaye ashe ciwo ɗaya ne. Inda L1 ya ɓace gaba ɗaya abin yakan yi tsanani, inda ya ɗan gurgunce kawai yakan zo da sauƙi. Yanzu ana kiransu duka ciwon L1, kuma an ƙiyasta mai tsananin yana samun namiji ɗaya cikin kusan 30,000 da ake haifa.

Saura a ga ɓarnar da ido. A 1997 da 1998 aka samar da ɓerayen da aka cire musu wannan ƙwayar gado. Akwai babban damin jijiya da ke sauka daga saman ƙwaƙwalwa zuwa laka yana kai umarnin motsi. A daidai ƙeya, mafi yawan zaruruwansa suna tsallakawa: na hagu su koma dama, na dama su koma hagu. Shi ya sa wanda jini ya buge a ɓarin hagu na kai, ɓarin damansa ke shanyewa. A ɓerayen nan, zaruruwa da yawa sun iso mararrabar suka kasa tsallakawa yadda ya kamata, kaɗan ne suka wuce. Ƙafafunsu na baya suka yi rauni, kogunan ruwan kansu suka faɗaɗa.

Abin da aka gani a ƙwaƙwalwar yaran ke nan. Damin motsi ya ƙanƙance ko babu shi, shi ya sa ƙafafu ke sandarewa. Gadar da ke haɗa ɓarin ƙwaƙwalwa biyu, mai zare kusan miliyan 200, takan zo siririya ko a rasa ta. Mutanen Gassol da suka ga yadda karyewar gadar Namnai a daminar 2024 ta yanke hanyar Jalingo zuwa Wukari sun san abin da rashin gada ke yi: gari yana nan, gari yana can, saƙo ba ya wucewa. Yatsan kuwa, tsokar da ke lanƙwasa shi tana rinjayar wadda ke miƙar da shi, sai ya kwanta cikin tafi. Kusan rabin yaran suna zuwa da wannan alama. Ruwan kai da yatsan hannu 'ya'yan uwa ɗaya ne: ƙwaƙwalwar da aka gina babu ƙugiyar da zaruruwanta za su kama.

Komawa Mutum Biyu

Gwajin ƙwayar gado shi ke tabbatar da ciwon L1 a kan kowane yaro, kuma likita ne mai wannan hukunci. Amma duk iyalin da suka ga alamun nan huɗu a tare, ya kamata su faɗa wa likita tarihin gidansu kaf, har da jariran da suka koma tun kafin suna, musamman na wajen uwa. Abin da ake ɓoyewa don kunya shi ne abin da likita ya fi buƙatar ji.

Kada kuma wata uwa ta tsorata don ta ga jaririnta ya dunƙule hannu. Kowane sabon haihuwa haka yake, hannun yakan saki cikin wata uku zuwa huɗu. Abin lura shi ne kai. Zagayen kan jariri a ranar haihuwa kusan santimita 34 zuwa 35 ne, kuma auna shi da tef a ranar rigakafi ba ya cin minti ɗaya. In kai yana girma da gaggawa, maɗiga ta kumbura, yaro yana amai, idanu suna sunkuyawa, a tafi asibiti a ranar. Daga Mutum Biyu, Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo ita ce babbar ƙofa, kuma ana aikin ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ana sa siririn bututu ƙarƙashin fata ya kwashe ruwan zuwa ciki, ko a huda masa sabuwar hanya a cikin kai. Ga mafi yawan yara masu ruwa a kai, waɗanda nasu ba na gado ba ne, zuwa da wuri yana iya ceton hankalinsu da rayuwarsu. Haihuwa a wuri mai tsabta, kula da cibiya, da gaggawar kai jariri mai zazzaɓi asibiti suna hana da yawa tun daga tushe. Ga mai ciwon L1, bututu yana rage matsi da raɗaɗi, amma ba ya sake shimfiɗa zaruruwan da suka ɓata hanya tun a ciki. Gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi suna taimaka wa waɗanda nasu ya zo da sauƙi.

Akwai abin da nake tsoro game da wannan ilimi, kuma dole in faɗe shi. Wani zai karanta ya ce, to ai ga shi, daga wajen matar ne. Wanda ya faɗi haka ya karanta rabi ya bar rabi. Ba ta zaɓi X ɗin da aka ba ta ba, kamar yadda babu wanda ya zaɓi tsawonsa ko launin fatarsa. Ita ma gada ta yi, wani lokacin kuma harafin yana sauyawa ne da kansa ba tare da kowa a zuriya ya taɓa ɗauke da shi ba. Kowane ɗayanmu yana yawo da irin waɗannan kurakurai a ɓoye cikin jininsa, nata ne kawai ya faɗo a kan X. Tana iya haifar lafiyayyen namiji. Hoton ciki a watannin tsakiya yana iya nuna ruwan, a shirya haihuwa a asibiti, kada naƙuda ta tsaya mata a gida da kan da ba zai wuce ba. 'Yarta da ƙannenta mata suna da haƙƙin sanin wannan a cikin sirri da mutunci, ba a bakin rijiya ba.

Da na koma, na zauna na yi wa Goggo bayani da misalin doya da sanda. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Wato ɗana, ba rafi ba ne, ba kuma abokiyar zamanta ba ce?"

Na ce, "Ba su ba ne, Goggo."

Ta yafa mayafinta ta ce in biyo ta. Muka tarar da uwar miji a tsakar gida tana tsince wake. Goggo ta durƙusa suka gaisa, ta ce, "Yaya, wata magana na zo da ita, ina so ki ji ta da kunnen basira." Suka shige ɗaki su biyu.

Ni kuwa na tsaya daga nesa. Matar tana nan kan tabarmarta. Ta kwantar da kan yaron a cinyarta, ta buɗe ɗan tafinsa, ta miƙar da yatsan ta riƙe shi cikin nata. 'Yarta ta dawo daga islamiyya, ta ajiye allo, ta zauna ta kama ɗaya hannun.